Jan Zare a Gindin Kwalba

A tashar Agadas aka fara cutar mu, ni da Hajo. Wani mai rawani ya karɓi kuɗin motarmu zuwa Arlit, ya zaunar da mu a inuwar wani kamiyo, babbar motar kaya, ya ce bari ya kira direba. Har inuwar ta juya ta bar mu a rana bai dawo ba. Hajo ta fashe da kuka. Na ce ta share fuskarta, mutanen tasha mai kuka suke nema su san ta inda za su shiga.

Hajo 'yar Rumbu ce, ni Abu 'yar Dakoro. Shekaru da yawa tabarmarta tana jikin tawa a kasuwa, ita da daddawa da kuka, ni da man shanu. A hannun matan Fulani nake sayen man, kuma ba a taɓa sayar mini da wanda aka haɗa da wani abu ba, domin kafin in buɗe ƙwarya hancina ya riga ya gaya mini. Shekarar da dabbobi suka faɗi a Azagor da Tagris man ya ɗauke. Maigidana ya rasu, ɗana ya bar mini jikoki uku ya shiga Libiya shiru. Gonar su Hajo ma ba ta yi ba. Abin da ya fitar da mu ke nan, tsofaffi biyu, zuwa Aljeriya.

Daga Arlit zuwa Tamanrasat ba ni son tunawa. A bayan mota aka jera mu, kowa da sandar da aka kafa tsakanin ƙafafunsa, in ka saki ka faɗi, in ka faɗi ba a tsayawa. Abin da na riƙe daga wannan hanya shi ne wata Buzuwa da ba mu jin harshen juna. Ta ga Hajo tana amai, ta ɓallo cuku daga bakin mayafinta ta sa mata a baki kamar yarinya. Ban san sunanta ba.

A Tamanrasat mun yi wata huɗu muna wanki a gidan wata mata. Ƙarshen kowane wata sai ta fito mana da tsofaffin riguna ta ce ladanmu ke nan. A nan ƙafafun Hajo suka fara kumbura. Matan ƙasarmu suka ce mu bi su bakin titi mu miƙa hannu. Na ce hannun da ya auna mai shekara talatin ba zai koyi wannan yanzu ba. Muka ƙara gaba, arewa, har garin da ƙasa ta ƙare teku ya fara.

A can mu tara muke kwana a wani bene da ba a gama ginawa ba, babu ƙofa, babu taga, sai buhuna da muka rataya. Sanyin garin jiƙaƙƙe ne, yana shiga ƙashi ya zauna. Da safe nakan tsaya ina neman ƙanshin hayaƙin kara da sautin turmi, sai in ji kukan tsuntsayen teku kamar ana yanka su.

Wata mata mai kwangilar shara ta ɗauke ni aiki a wata babbar makaranta da takardar shaidar wata Fatima. Hoton da ke jiki na yarinya ce fara mai ƙiba. Ranar farko maigadin ƙofar babbar makarantar ya dubi hoton, ya dube ni, ya sake duban hoton, ya miƙo mini. Daga ranar kullum sai ya gutsura mini rabin burodinsa, bai taɓa ce mini komai ba.

Ɗakin da aka kai ni suna ce masa labo. Aikina wanke kwalabe da ƙananan kofunan gilashi. In wanke da sabulu, in ɗauraye da ruwan pampo sau uku, in ɗauraye da ruwan wani bidon, wato jarka, na daban sau uku, in kife su a tanda su bushe. Ba ni karatu, saboda haka kowace kwalba da jikinta na san ta: wannan mai ɓallin baki, waccan mai tabo a kafaɗa.

Rana ta uku ruwan zafi ya ƙona ni, na zagi pampon da uwarsa. Sai na ji dariya a bayana.

"Inna, mi pampo ya yi miki da zahi haka?"

Na juya. Yarinya ce baƙa siririya cikin farar riga, da tabarau. Wata takwas ban ji Hausa a bakin wanda ba abokin wahalata ba.

"Ke ɗiyar wa?"

"Balkisa. Daga Madawa nike. Bursi ya kawo ni, tallahin karatu."

"To Balkisa, in kin gama dariya ki rufe kanki, kallabinki ya zame."

Ta gyara. Daga ranar ta zama tawa. Ita ce mace ta farko a gidansu da ta wuce lakwal, makarantar bokon garinsu, uwarta kuwa ta rasu tana ƙarama. Takan kawo mini gero daga wani kanti mai nisa, ni kuma in dama mata fura a kwanon roba, mu sha a bayan matakala. Tana sha tana lumshe ido, tana cewa ɗanɗano kawai take ji, domin tun da cutar murar nan ta duniya ta kama ta hancinta bai dawo ba. Na ji maganar, ban ɗauke ta da nauyi ba.

Na tambaye ta abin da take yi duk yini a gaban akwatin gilashin nan mai zuƙe iska. Ta nuna mini wani gari a cikin ɗan bututu, rawaya-rawaya, ya fi tsakin gero laushi. Ta ce kowace ƙwaya a ciki dunƙulen roba ce, kuma a jikin kowace tana ɗaura sarƙa, ɗiya ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda matan Fulani ke shirya duwatsun wuya, sai dai ido ba ya gani. Kowace ɗiya da hularta take zuwa. Sai an cire hular sannan ta gaba za ta kama. A cire hula, a wanke, a ɗaura, a wanke. Ɗiya goma sha tara take so ta jera, kowace a mazauninta. Wai kwaikwayon wani yanki ne na dafin kunama, ana fata wata rana a samu hanyar maganinsa.

"To yaya kike sanin ta kama, tunda ba ki gani?"

Ta ɗebi 'yan ƙwayoyi a bakin tsinke, ta ɗiga musu ruwa kala uku, ta ɗumama. Ta ce in sun tsaya rawaya, ta kama. In sun yi shuɗi kamar an tsoma su a baba, akwai bakin da ke buɗe. In an gama duka sai a yanke sarƙar daga jikin robar da wani ruwa mai cin fata, a busar, a narkar, a ɗura wa mashin. Mashin ɗin yana zana layi. In aiki ya yi kyau, layin zai tafi a kwance, ya miƙe sama sau ɗaya kamar giginya a fili, ya sauko. In bai yi ba, sai ya yi ta ƙananan tudu kamar kunyoyin gona.

Na Balkisa kunyoyi yake yi. Sau biyar tana farawa daga tushe, kowane farawa kwana goma sha. Ta ɗaura ɗiya, ta gwada, shuɗi. Ta sake ɗaurawa, ta gwada, shuɗi-shuɗi. Da ta kai wa ɗaya mashin ɗin mai auna nauyi, sai ya nuna wasu sarƙoƙin sun fi tsawon da ake so, ɗiya ɗaya ta hau sau biyu. Shugabar ɗakin, wata dattijuwa da suke ce wa Madam, ba muguwa ba ce, amma ba ta da wasa. Ta ce ɗalibai uku sun yi irin wannan aiki a wannan teburi ya fito. Ta ba Balkisa zuwa ƙarshen wata. In layin bai miƙe ba za ta rubuta wa masu bursi cewa yarinyar ba ta iya ba, a maida ta gida.

Ni da farko Balkisa na zarga. Na sa mata ido mako guda, ko tana latsa waya lokacin aiki, ko akwai wani namiji da ya ɗauke mata hankali. Har na ce mata, "In wani ɗan iska ne ki hwaɗa mini tun yanzu." Ta yi dariyar da ta ƙare da hawaye. Ban ga komai ba sai yarinya mai wanke abu sau shida inda aka ce sau biyar.

Kwanukanta ne suka gaya mini. Akwai wani ruwa fari kamar na sha da suke jiƙa ƙwayoyin a ciki, da shi ake kowane wanki. Kofunan kowa suna zuwa wurina da ragowarsa. Na sauran ɗaliban kusan ba su da wari. Na Balkisa suna ƙarnin kifin da ya kwana. Kaɗan ne, wanda bai yi rayuwarsa yana shinshina ƙwarya ba ba zai tsaya a kansa ba.

Ruwan a manyan kwalabe masu ruwan ƙasa yake zuwa daga magaza, ɗakin ajiyar kaya. Mai magazan wani mutum ne mai fara'a. Shi ne ya ga ina rawar sanyi ya tambayi inda nake kwana, ya kawo mana tsofaffin katifu biyu da barguna a motarsa har ƙofar benen. A kan katifarsa Hajo take kwana. Shi ne kuma ya ce mini, da hannu da 'yar Larabcin da na tsinta, kwalaben da suka ƙare kada in wanke su, kada in ɓare takardar jikinsu, in tara masa a bayan ƙofa. Sai na tuna mai ɓallin baki. Sau biyu na ajiye ta a bayan ƙofa babu komai ciki, sau biyu na gan ta cike a teburin Balkisa.

A kasuwarmu in kana so ka san ƙwaryarka, alama kake yi mata. Na tauna ɗan ƙaro har ya yi laushi, na zare jan zare daga bakin zanena, na manna shi a ramin gindin wata kwalba da ta ƙare, na ajiye ta a bayan ƙofa. Kwana tara ta dawo, cike, da sabon marfi. Balkisa ta sa hannu a takarda ta karɓa a matsayin sabuwa. Da ta fita salla na ɗaga kwalbar. Zarena yana nan.

Na kai maganar gida. Hajo tana zaune ta miƙe ƙafafu a rana, sun yi kamar turame.

"Abu," ta ce, "abinci munka zo nema, ba shari'a ba."

"Za su kore ta, Hajo. Kan laihin da ba nata ba."

"In sunka kore ta, jirgi za ta hau, ta sauka Yamai da takalminta. Mu in anka kore mu, da mi za mu tahi? Dubi ƙahwahuna. Mutumen ga ya san inda muke kwana, shi ya kawo abin da nike zaune bisa."

"To in yi shiru?"

"Ki yi shiru. Sau ɗaya a rayuwarki, ki yi shiru."

Na yi shiru kwana uku. Rana ta huɗu na tarar da Balkisa a bayan matakala ta kife kai a gwiwa, furar da na dama tana gefe ba ta taɓa ba. Ta ce ta kira babanta za ta gaya masa, ta ji yana yi wa mutanen zaure alfahari da ita, ta kasa. Sai na ji bakina ya buɗe.

Na ce, "Ruwanki na wari. Kihi yake yi."

Ta ɗago a hankali. Ta sa na maimaita. Sai ta dafe kai ta ce in ruwan nan ya tsufa ko an taɓa aiki da shi, yakan saki wani abu mai ƙarnin kifi, kuma wannan abin yana cire hular ɗiya tun lokaci bai yi ba. Shi ya sa shuɗin, shi ya sa ɗiya ke hawa sau biyu. Mai magazan yana tace tsohon ruwa ya cika mata, sabon ya san inda yake kai shi. Ya zaɓe ta ne don baƙuwa ce, kuma ya ji ana yi mata tsiyar hanci.

Na gaya mata zancen zaren. Na kama hannunta na ce, "Ki nemo ruwa wani wuri ki yi aikinki. Kada sunana ya hito. Kin ji ni?"

"Na ji, Inna."

Ta ji, kuma ba ta faɗi sunana ba, wannan ina shaida mata. Amma yarinya ce, jininta ya hau. Washegari ta je wurin Madam. Madam ta kira mai magaza. Ina wurin wankina, bayana gare su, ina jin muryoyi suna tashi. Ya rantse, ya ce marfi a rufe ya ba ta, baƙar yarinya ta ɓata aikinta tana neman wanda za ta shafa wa. Da ya faɗi haka sai Balkisa ta ɗaga kwalbar ta juya gindinta sama.

Na waiga. Madam tana shinshina bakin kwalbar. Shi kuwa ba kwalbar yake kallo ba. Ya dubi zaren, ya bi ɗakin da ido a hankali, har ya sauka a bakin zanena da ya leƙo ƙarƙashin rigar aiki. Ja ne, irinsa ɗaya, ga wurin da na zare.

A kasuwar Dakoro don a san mai ƙwarya ake yin alama. Ban taɓa tunanin alamar da za ta ɓoye mai ita ba. Zare baƙi na tsumma yana nan a ƙasa ko'ina, ban ɗauka ba.

Madam ta ba Balkisa kwalba daga nata kabad, ta ƙara mata wata biyu. Ni ta sa mini dabino a aljihu ta dafa kafaɗata. Shi aka dakatar da shi. Ban gaya wa Hajo ba. Na ce a raina wataƙila mutumin da ya kawo bargo ba zai tona mana asiri ba.

Kwana huɗu bayan haka, mun idar da sallar asuba rana ta fara fitowa, motocin 'yan sanda suka tsaya a ƙofar benen. Mu tara duka aka kwashe. Ba a bar mu mun ɗauki komai ba. Turmin atamfar da Hajo ta saya wa ɗiyarta Rabi yana ƙarƙashin katifa, can ya zauna. Kwanaki muka yi a bas ana gangarawa da mu kudu, hanyar da muka hau a wata goma. Hajo ba ta tambaye ni komai ba. Ta dube ni sau ɗaya a bas, na sunkuyar da kai, shi ke nan.

Da safe aka sauke mu a fili, babu itace, babu dutse. Aka nuna mana da hannu, aka ce Asamaka, garin farko na ƙasarmu, tana can, ku tafi. Mutane suka bazu. Na sa hannun Hajo a wuyana. Muna tafiya muna tsayawa, har waɗanda ke bayanmu suka zama na gabanmu, har suka zama ɗigo. Da rana ta take ta ce in zaunar da ita. Na cire mayafina na yi mata inuwa da hannuwana biyu.

"Abu."

"Na'am."

"Hancin ga naki. Tun muna kasuwa nike cewa wata rana sai ya kashe mutum."

Dariya take yi, leɓunanta sun tsage. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Riƙe mayahin da kyau, rana na shigowa." Maganarta ta ƙarshe ke nan, a nan ta cika. Wasu samari 'yan Gine da suka dawo neman na baya su suka taya ni tona rami da hannu. Ba mu da ruwan wanka, taimama na yi mata. Na cire 'yan kunnenta na ƙulle a bakin zanen nan.

Da na iso gida na je Rumbu na ba Rabi 'yan kunnen. Na ce uwarki ta rasu a hanya, ƙafa ce. Rabi ta rungume ni tana ce mini Inna, tana godiya da ban bar uwarta ita kaɗai ba. Na karɓi godiyar. Damina biyu ina ɗauke da ita.

Bayan damina ta biyu wata mota ta tsaya a ƙofar gidana. Balkisa ce, ta yi jiki, ta tambayi mai man shanu mai faɗa har aka nuna mata. Ta durƙusa tun daga zaure. Ta fito da takarda daga jaka ta shimfiɗa a tabarma. Layi ne ya tafi a kwance, ya miƙe sama sau ɗaya, ya sauko. Ta ce ta gama, an ba ta digirin, za ta koyar a Maradi. Ta ce ta neme ni a benen ta tarar da buhuna kawai.

Na ce, "Tashi. Ba ni za ki kai ma wagga takarda ba."

Muka shiga motar zuwa Rumbu. Rabi tana sussuka, ta ajiye taɓarya ta shimfiɗa mana. A gaban Balkisa na faɗi komai, ƙarnin kifi, zaren, da abin da uwarta ta ce mini in yi ban yi ba. Rabi ba ta katse ni ba. Da na gama ta ɗauki takardar, ta juya ta, ta sake juyawa.

"Wanga shi ne?"

"Shi ne," in ji Balkisa.

"Maganin mi?"

"Bai zama magani ba tukuna. Wataƙila wata rana, na harbin kunama."

"Wataƙila," in ji Rabi.

Ta miƙa mata takardar da hannu biyu. Ta shiga ɗaki ta fito da ruwa a kwano, ta durƙusa ta ajiye a gaban baƙuwa. Sannan ta koma ta ɗauki taɓaryarta.

Ina zuwa Rumbu duk ƙarshen wata da ɗan abin da na samu. Tana karɓa saboda yara, tana amsa gaisuwa. Abu take ce mini yanzu, ba Inna ba.

Dabbobi sun ɗan farfaɗo, na koma tabarmata a kasuwa. Wurin Hajo wata mai tattasai ce a kai. Makon jiya wata yarinya ta kawo mini mai a ƙwarya, tun tana nesa na ji an haɗa shi da kitse. Mata suna kewaye suna jiran abin da zan ce, don sun san ni. Na buɗe, na duba, na rufe, na miƙa mata. Na ce yau ba ni saye.